Ni ba likita ba ce: labarin mai taimaka wa likitan haƙori

Assalamu alaikum. Na sakaya sunana da na duk wanda ya shigo cikin labarin nan, don ba tonon asirin kowa ya kawo ni ba.

A cikin birnin Kano aka haife ni. Mahaifinmu tela ne, kekensa a zaure, mahaifiyarmu kuma kitso take yi a tsakar gida. Tun ina firamare burina in zama nas, kuma in za a faɗi gaskiya farin kayan ne suka fara jan hankalina kafin aikin. Na gama sakandare, sakamako ya fito babu kemistiri, kafin in sake zama sai miji ya fito. Direban motar haya ne, yana jigila tsakanin Kano da Kaduna, mutum mai sauƙin kai, ya yi wa Baba alkawari a gaban shaidu cewa zai mayar da ni makaranta. Allah bai nufa ba. Muna da yara biyu, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba, aka kawo gawarsa daga hanyar Zariya.

Na yi takabata wata 4 da kwana 10 a ɗakina, sannan na kwashe 'yan komatsaina na koma gidanmu. Motar da yake ja ba tasa ba ce, don haka maganar gado ba ta ɗauki lokaci ba. Idon Baba ya fara rauni, zare ma sai an zura masa a allura. Na kafa kaskon awara a ƙofar gida. Ba na raina sana'ar, ita ta riƙe mu, amma ranar da babban yarona ya kwana da zazzaɓi na rasa kuɗin gwajin jini, na san kaskon nan ba zai kai mu ko'ina ba.

Wata maƙwabciyarmu ce ta ce ana neman mai shara da goge-goge a wani asibitin haƙori mai zaman kansa. Dangin mijina da suka ji, sai ƙananan maganganu suka tashi, wai matar ɗansu za ta je kwasar yawun mutane. Na kai ƙara wurin Baba ina kuka. Ya ce, "Su da suka faɗa, sun aiko miki da ko mudun gero? Je ki, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Ba a jin kunyar halak."

A can na haɗu da matar da ta sauya mini rayuwa, wata dattijuwa Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Anti kowa yake ce mata, har Likita. Ita ce mai taimaka masa a ɗakin aiki. Faɗa gare ta, ba ta ɗaukar wargi. Watannin farko iyakata tsintsiya da tsumma da bokiti, amma in na gama sai in tsaya bakin ƙofar ɗakin wanke kaya ina kallon hannunta. Wata rana ta juyo ta ce, "Ke, kallo kika zo yi ko koyo? In koyo ne sa safar hannu mai kauri ki matso." Kafin ta bar ni in taɓa ko madubi, sai da ta tasa ni gaba aka yi mini rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Kuɗin ta ukun ma daga jakarta ya fito. A lokacin ina ganin tsanani ne kawai irin nata.

Ita ta matsa mini na sake zana jarrabawa, kemistirin ya fito, na samu gurbi a makarantar koyon aikin lafiya, sashen masu taimaka wa likitan haƙori. Safe makaranta, yamma asibiti, dare yara. Inna ce ta riƙe mini su, Allah ya saka mata da Aljanna. Da na gama na yi rajista da hukumar tarayya da ke ba irinmu lasisi, na dawo wurin da na fara shara, wannan karon a gefen kujera.

Mutane da yawa suna zaton aikinmu miƙa wa likita filaya ne kawai. Ina isa asibiti kafin kowa. In duba ko akwai wuta, in babu a tada janareta, domin kujerar nan da injin iska da bututun zuƙe yawu duk ba sa motsi sai da lantarki. In saki ruwan bututun kujera ya zuba na ɗan lokaci don wanda ya kwana a ciki ya fita. In goge kujera da hannun fitila da duk inda hannu ke taɓawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. In ɗauko littafin alƙawari in ga su wa za su zo da abin da za a yi wa kowa, in jera tire daidai da aikinsa: na dubawa daban, na ciko daban, na cirewa daban. Filayar cire haƙorin sama ba irin ta ƙasa ba ce, ta turmi ba irin ta haƙorin gaba ba ce, kuma likita ba zai ɗaga kai daga bakin mutum ya tsaya yi miki bayani ba. Hannu kawai zai miƙo, ke za ki san abin da yake nema.

Kafin majinyaci ya hau kujera ni ke zama da shi in cika kati. Yana da hawan jini? Ciwon suga? Sikila? Yana shan maganin tsinka jini? Akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa? In mace ce, ko tana da juna biyu? Wannan tambaya ta ƙarshe ba a yin ta da ƙarfi, musamman in suruka ce ta rako ta. Sai in ja ta gefe in ce, "Yaya, ko akwai ƙaruwa?" In auna jini, in tambaya ko an karya kumallo, don mai yunwa da tsoro in ya sha allura sai ka ga ya sulale. In likitan da ke aiki ranar ɗan bautar ƙasa ne da ba ya jin Hausa, ni ce tafinta. Wata za ta ce tsutsa ce ke cin haƙorinta, ba a yi mata dariya, sai a nuna mata a madubi yadda ramin ya faro, a gaya mata zaƙi ne da ragowar abinci ƙwayoyin cuta ke mayarwa tsami, tsamin ya riƙa cin haƙorin. Mai niƙabi kuma ba ta sakin jiki sai ta ga mace tsaye a kanta. Sau da yawa hannuna na hagu yana riƙe da bututun yawu, na dama yana cikin hannun wata Hajiya da ta damƙe shi tana salati.

Akwai kwaɓe-kwaɓe. Garin ciko ana auna shi da ruwansa daidai, a kwaɓa cikin daƙiƙu, in kika yi nawa ya daskare a kan takarda, an yi asara. Ƙullun da ake ɗaukar awon baki da shi don yin haƙorin roba ya fi ba ni wahala, saboda zafi na sa shi saurin kamawa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Kano ke tafasa, sai da ruwan sanyi nake kwaɓa shi, in ba haka ba kafin ya kai bakin mutum ya sandare. Babu malamin da ya gaya mini wannan a aji, Anti ce.

Bayan an cire haƙori likita ya wuce wurin na gaba, ni ke zama in yi bayani. A cije audugar nan kamar rabin awa. Yau ba kurkure baki, ba tofe-tofe, ba tura harshe ko tsinke a ramin, ba shan abu mai zafi, ba sigari. Jinin da ya dunƙule a gurbin shi ne murfin ciwon, in ya fita ƙashi ya bayyana, bayan kwana biyu zuwa uku mutum zai dawo da azabar da ta fi ta farko. Daga gobe sai a fara kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Ina faɗa, ina sa mutum ya maimaita mini, domin wanda aka cire wa haƙori yanzu rabin hankalinsa ba ya wurin.

Amma inda zuciyar aikin take shi ne ɗan ƙaramin ɗakin nan na baya da majinyaci ba ya gani. Duk ƙarfen da ya shiga bakin mutum sai an jiƙa shi, an goge shi da buroshi har lungun da jini ke maƙalewa, an ɗauraye, an busar, an sa a leda ta musamman an rufe, sannan a jera a otokilef, tukunyar da ke turara kaya da tururi mai matsi. In zafin tururin maki 121 ne a ma'aunin Salsiyas, ba ya gaza minti 15. In a maki 134 ne, minti 3 zuwa sama, ban da lokacin hawa da na bushewa. A jikin ledar akwai alama da ke sauya launi, in ba ta sauya ba a sake daga farko. Wanki da ruwan zafi ko shafa sifirit ba ya maye gurbin wannan. Ranar da layi ya yi tsawo, wuta ta ɗauke tukunya na tsakiyar aiki, mutane na ƙorafi a waje, ba wanda zai sani in kin ɗauko filayar da ba ta gama ba kin miƙa. Likita ba zai gane ba, mai haƙorin ba zai gane ba. Anti takan ce, "Jinin wani ne za ki sa a bakin wani. In sun yi fushi su yi, gobe za su huce." Na sha zagi a kan jinkiri, har wani Alhaji ya taɓa cewa ni 'yar shara ce da aka ba farar riga. Rabin maganarsa gaskiya ne, don haka ban tanka ba.

A ɗakin nan jarrabawata ta same ni. Wata yamma ina kwashe tiren ƙarshe, ashe an bar allurar da aka yi wa mutum ba murfi a ƙarƙashin auduga mai jini. Ta huda safar ta shige mini yatsa. Ban san lokacin da na ce innalillahi ba. Anti ta ja ni bakin famfo, ta ce in wanke da sabulu ruwa na zuba, kada in matsa, kada in tsotsa. Aka rubuta abin da ya faru a littafi. Aka nemi mai haƙorin don a roƙe shi ya yarda a gwada jininsa, lambar da ya bari ba ta shiga, adireshin kuma sunan unguwa ne kawai.

Daren nan Anti ta sa ni a Adaidaita Sahu muka tafi wani asibitin gwamnati. Aka gwada ni, aka ce yanzu ba ni da komai, amma wannan gwajin halin da nake ciki kafin allurar ta soke ni ya nuna, ba abin da ya faru yau ba. Likitar da ta gan ni ta yi mini bayani a natse. Ta ce in ma mutumin yana da ƙanjamau, cikin mutum 1000 da irin wannan allura ta soka kusan 3 ne ke kamuwa, kuma akwai maganin kariya da ake farawa kafin awa 72, gwamma ma a cikin awannin farko, a sha kullum har kwana 28. Ta ce wanda ya fi saurin kama mutum ta wannan hanya shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda kan iya kaiwa 30 cikin 100 ga marar rigakafi. Ta tambaye ni ko na yi. Na ce na yi, duka 3. Na juya na kalli Anti, ita kuwa ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

Lissafin likita daban, abin da zuciya ke raya wa mutum da tsakar dare daban. Maganin ya sa ni tashin zuciya da kasala, barci ya ƙaurace mini. In na kalli yarana suna barci sai in ce, uba ya tafi, yanzu uwa ma? Na ɓoye kwalbar a ƙasan akwati cikin zannuwa, saboda na san in wani ya gan ta ba zai tambayi yadda aka yi ba. Bazawara, mai aiki a asibiti, tana dawowa bayan magariba, ga kuma maganin ƙanjamau a ɗakinta: an gama yanke mini hukunci. A lokacin akwai wani da ya fara zuwa zance, na sallame shi ba tare da na ba shi dalili ba. Na daina cin abinci kwano ɗaya da yarana duk da na san ba ta nan ake ɗauka ba. Inna ta lura. Ta rufe ƙofa ta ce, "Faɗa mini, ni na haife ki." Da na gaya mata ba ta yi kuka a gabana ba. Ta karɓi kwalbar ta ajiye a wurinta, kullum bayan isha'i ita ke miƙo mini ƙwaya da kofin ruwa, har na cika kwanakin.

Na yi niyyar barin aikin. Na rubuta takarda ma. Abin da ya tsayar da ni ba jarumta ba ce, kuɗin makarantar yara ne. Aka sake gwaji bayan mako 6, aka sake bayan wata 3, duka lafiya lau. Na yi sujada a tsakar ɗakin gwajin, ma'aikacin yana ta ce mini in tashi ƙasa ba tsabta. Tun daga nan aka kafa doka a wurinmu: wanda ya yi allura shi zai jefa ta a kwalin allurai da hannunsa, nan take. Ni kuma ba na kwashe tire da yatsu, sai da ɗan ƙarfen ɗauka, ko da auduga ce kawai nake gani.

Jarrabawa ta biyu ba ta jini ba ce. A watan Afrilun 2020 aka sa dokar kulle a Kano saboda korona, ga azumi ya shigo. Aikin haƙori na cikin masu haɗari a lokacin, don injin gurza haƙori feshi yake tayarwa daga bakin mutum zuwa fuskarka. Asibitinmu ya koma ganin na gaggawa kawai, albashi ya koma rabi, wani watan ma shiru. A unguwa kuwa tuni an ɗora mini sunan "Likita". Wani magidanci maƙwabcinmu ya aiko matarsa, daga baya ya zo da kansa ya yi sallama da Baba. Turminsa na ƙasa ya hana shi barci. Ya ce, "Malama, ke da kike ganin ana yi kullum, ki ɗauko filayar ki fitar mini da shi, zan biya ki abin da ake biyan asibiti." A ranar shinkafar da ta rage mana ba ta kai ta sahur biyu ba.

Na san yadda ake riƙe filaya. Abin da ban sani ba shi ne abin da zan yi in saiwa ta karye a cikin ƙashi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ya faɗi bayan allura a zauren gidanmu. Ba a koya mini ba, lasisina bai ba ni ba. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni ba likita ba ce. Bari in kira maka Likita a waya a san yadda za a yi ka samu ganinsa." Ya tashi rai a ɓace, ya ce ba shi da kuɗin da zai kai wa masu asibiti.

Ashe ya fara da kanumfari, ya koma ɗiga ruwan batir a ramin, daga ƙarshe ya samu wani mai cire haƙori a gida ya ɓalle masa rabi ya bar rabi. Bayan 'yan kwanaki matarsa ta buga mana ƙofa da asuba. Na same shi zaune, ba ya iya kwanciya. Ƙasan haɓarsa ya kumbura hagu da dama ya yi tauri, harshe ya ɗago, yawu na zuba don ba ya iya haɗiyewa, murya ta shaƙe. Wannan na taɓa ganin irinsa, kuma na san ba ya jira, domin kumburin maƙogwaro yake nufa. Na ce ba kemis, ba asibitinmu, a nemo mota yanzu sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Katin aikina na riƙa nunawa a shingayen jami'an tsaro har muka isa. Aka tsaga aka fitar da mugunya, aka yi ta ba shi magani ta jijiya. Ya daɗe a kwance, amma ya tashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, maganar da ta zagaya unguwa ita ce da na cire masa tun farko da bai je wurin wancan ba. Har yau akwai gidan da ba a amsa gaisuwata da daɗi. Na daɗe ina juya maganar a raina, kuma har gobe in aka sake kawo mini irin wannan tayi amsata ba za ta sauya ba. Sai dai na gane cewa "a'a" kaɗai ba ta isa ba ga wanda ciwo ya hana barci kuma aljihunsa ba komai. Yanzu in na ƙi, sai in gaya wa mutum asibitin gwamnatin da ke da sashen haƙori mai sauƙin kuɗi, ranar da ya kamata ya je, da alamomin da in ya gani ba zai jira gari ya waye ba: kumburin da ke sauka wuya ko hawa ido, zazzaɓi, kasa buɗe baki, kasa haɗiya.

Shi ya sa na fara zuwa Islamiyyar matan unguwarmu ina ɗan yi musu bayani in malama ta ba ni dama. Abu ɗaya da nake nanatawa shi ne turmin da ke fito wa yaro a can baya yana ɗan shekara 6. Iyaye na ɗauka na nono ne zai faɗi ya sake fitowa, alhali na dindindin ne, kuma shi muka fi cirewa a bakin 'yan makaranta. Haƙoran nono 20 ne, na manya 32, wanda ya tafi a cikin na manya ya tafi ke nan. Ina ce musu aswaki sunna ne kuma yana aiki, a haɗa shi da buroshi da man goge baki, musamman kafin barci. Ina kuma roƙonsu su riƙa buɗe bakin ƙananan yara suna dubawa, balle wanda ya tashi daga ƙyanda ko yake fama da tamowa. Sau ɗaya aka taɓa kawo mana yarinya daga ƙauye da dasashi ya ruɓe, kunci ya fara baƙi, wari ya cika ɗakin. Likita ya ce cutar noma ce, ya rubuta takarda nan take. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Najeriya ce ma ta jagoranci neman hakan. In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Yarinyar nan ba mu sake jin labarinta ba.

Anti ta yi ritaya ta koma wurin 'ya'yanta a Ilori, muna waya duk Juma'a, har yanzu sai ta tambaye ni ko ina duba alamar leda. Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ban sake aure ba tukuna, ban kuma rufe ƙofa ba. Bayana yana ciwo saboda sunkuyo, albashin bai taka kara ya karya ba, amma yarana biyu suna makaranta kuma ba wanda ke bi na bashin abinci. An kawo mini wata yarinya sabuwa da nake koya wa aiki, makon jiya na raka ta aka yi mata allurar hanta ta biyu, tana ta mita wai hannunta ya yi tsami.

Yanzu ina tara kuɗi in koma karatu in zama mai jinyar haƙori, matakin da zai ba ni damar yin wankin haƙori da hannuna bisa ƙa'ida. Na shiga adashi saboda haka, kwasata tana zuwa bayan babbar salla. Ina barar addu'arku.